Taku Ɗari Biyu Daga Ƙofar Lakwal

Masu rubuta tarihin Damagaram daga sama suke kallonta: sarakuna, ganuwa, ayarin raƙuma da ke sauka a Zango da gishiri da dabino. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina kallonta daga ƙasa, a kan buzu, ina shaida wa duniya cewa babu wata hukuma, ta zamanin Nasara ko ta bayansa, da ta riƙe zaman lafiyar talakawa kamar teburin mai taba. Alƙali sai magana ta ruɓe take isa gabansa. Mai taba tun tana ɗanya yake jin ta, tsakanin kunna kara da kaɗe toka, kuma galibi nan take mutuwa ba tare da an kira shaidu ba.

Saboda ku nake wannan rubutu, ku samarin kabu-kabu da kuke jingine babura a inuwata kuna cewa, "Baba Lawali, kai dai ka more duniya, sana'arka zama ce." Na ji. To, ku gyara ku ji yadda ake zaman.

Garinmu Tudun Ari yana kan hanyar Gafati. Da can ƙauye ne na gaske, wanda in mutum zai shiga Damagaram sai ya yi sallama da iyali. Yanzu birni ya miƙo ƙafa har cikin gonakinmu. Ma'aikata sun sayi filaye, sun gina gidajen siminti, sun kawo mana famfon da ba ya kawo ruwa da ra'ayoyin da ba sa yankewa. Teburina yana gindin tsamiyar tasha, inda hanyar kasuwa ta gamu da ta birni. Wannan inuwar ita ce sana'ar. In aka tashe ni daga nan aka kai ni bayan gari, na tashi daga mai tebur, na koma wani tsoho da ke da tebur.

Na shiga sana'ar ta ƙofar da mutanen kirki da yawa suka bi: na faɗi jarrabawar fita kwaleji sau biyu. Na dawo gida ina ɗan shekara goma sha tara, da Faransancin da ba wanda ya aike ni nemowa, da sunayen kogunan ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba. Kawu Ari, ƙanen mahaifiyata, shi ke da teburin a lokacin. Ranar farko na miƙa hannu zan jera kwalayen sigari, ya buge hannun.

"Ɗan lakwal, wannan kayan baƙi ne. Kowane jaki ya iya miƙa kara. Zo nan."

Ya zaunar da ni gaban wani ƙaramin turmi, ya ajiye rariya da damin ganyen taba, ya ce in daka.

Taba gari, wadda tsofaffi ke zubawa a ƙasan leɓe, ita ce uwar sana'ar. Sigari daga baya ya zo, a cikin kwali, da rubutun Turawa. Ganyen daga fadama ake kawo shi, bayan an shanya shi a inuwa, don rana tana shanye masa rai. Sai ka lanƙwasa shi da yatsa. In ya karye, gawa ce. In ya lanƙwasu kamar fatar da ta fito daga majema, ka sami kaya. Ka zare jijiyar tsakiya, ka daka, ka tankaɗe, ka mayar da tsakin turmi ka sake dakawa. Kanwar da ke zuwa daga ƙasar Manga daban ake daka ta, sannan a gauraya kaɗan kaɗan. Babu sikeli, babu mudu. Harshe ne yake aunawa. In kanwa ta yi kaɗan, tsoho zai ce ƙasa ka ba shi. In ta yi yawa, ta saluɓe masa leɓe ya kwana uku yana tsine maka da rabin baki.

Wata uku na yi ina atishawa kamar akuya mai mura. In na gama, Kawu ya ɗebi ɗan kaɗan ya sa a baki, ya ɗaga kai sama kamar mai neman jinjirin wata. Karo na farko ya tofar ya ce, "Wannan a ina aka koya maka? A kwaleji?" Haka muka yi ta yi. A wata na bakwai, wata safiya, ya ɗanɗana, ya dubi sama, bai ce komai ba, ya juye dakana cikin batta. Wannan shirun shi ne takardar shaidar da na samu a duniya, kuma har yau ba a tambaye ni ita a wani ofis ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Battar fata ce ke riƙe wa taba gari laimarta. Gwangwani yana sa ta warin ƙarfe. Akwai tsumman da ake jiƙawa a matse a shimfiɗa ƙarƙashin kwalayen sigari da bazara, don kar zafi ya busar da su su riƙa zubewa a yatsun mutane. Da damina kuwa akasin haka kake yi, ka ɗaga kwalin daga ƙasa ka naɗe shi, in ba haka ba ya yi fumfuna. Sai igiyar wuta, wadda ba ku tarar ba. Igiyar rama ce da ake tufkawa a rataye a jikin tsamiya, a kunna bakinta da safe a murhun mai ƙosai, ta yini tana ci a hankali, kowa ya zo ya kunna karansa. In ka tufka ta da ƙarfi, ta mutu kafin hantsi. In ka sassauta, ta ƙare kafin azahar. Kuma sai ka san inda iska ta dosa, don akwai dangar zana a bayan tasha, kuma ba a yi wa mai taba afuwar gobara. Da birike ya shigo, ɗan abin ƙyasta wutar nan, na ɗaure shi da zare a ƙafar tebur, saboda na lura yana da son shiga aljihun mutane ko da masu aljihun ba su sani ba.

Sigari kuwa ban taɓa sa shi a baki ba. Kawu ya ce ranar da ya gan ni da shi, ranar zan koma neman aikin ofis. Barazanar ta isa.

Wata Alhamis, ranar babbar kasuwar birni, wani direba mai suna Haruna ya tsaya da motarsa, ya doso teburina da sauri. Sai da ya iso ya ga surukinsa, Baba Kyari, tsohon gardi, wato dogarin gwamnati, zaune a kan bencina yana tauna goro. Haruna ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, ta wanda ba shi da wata mafita. Sannan ya juyo ya ce, "Lawali, ba ni goro." Na san ba ya cin goro. Na ɗauki ganyen da ake naɗe goro, na kwantar da kara biyu a ciki, na ɗora goro ɗaya a kai, na naɗe na miƙa. Ya karɓa da hannu biyu ya tafi. Baba Kyari ya bi shi da kallo har motar ta tashi, sannan ya ce, "Goron bana dogaye ne, Lawali." Na ce, "Na kudu ne, Baba." Ya ce, "Haka na ce." Mu uku mun san abin da ke cikin ganyen, kuma ba wanda ya ji kunya. Wannan ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Sai ka san wa ke surukin wa, wa ya tuba bayan aikin hajji, wa ya tuba a gaban matarsa kawai.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, Kawu ya riga ya rasu, teburin ya zama nawa. Fadamu suka bushe, masu noman taba suka tafi cin rani ba su dawo ba. A shekarar na koyi raba karan sigari biyu da reza, ba tare da takardar ta yage ba, don mutum biyu ne ke haɗuwa a kan kara ɗaya. Ganye ya yanke ƙaf. Sai na gamu da wani baƙo a Zango da buhunan taba da aka riga aka marmasa. Kawu ya sha gaya mini kar in sayi ganyen da ban ga fuskarsa ba. Na saya. Na daka, na ji ɗanɗanon ya yi wani iri, na ƙara kanwa na rufe ido. Baba Kyari ne ya fara zuwa. Ya zuba a leɓe, ya tofar.

"Lawali, ina tuwon?"

"Wane tuwo, Baba?"

"Na ga ka zubo mini miya."

Rabin buhun busasshen ganyen kabewa ne da yakuwa. Kafin la'asar gari ya ji. Shekara guda bencina ba kowa sai kaji. Tsofaffi suka koma aikawa garin Hamdara a sayo musu. Ban roƙi kowa ba, don tsohon da aka cuci bakinsa ba ya jin roƙo. Da rani ya zagayo na tafi fadama da ƙafata, na zaɓi ganye ɗaya ɗaya, na kafa turmi a bainar jama'a na riƙa daka kowa yana gani. Sai a mako na shida Baba Kyari ya tsaya kamar mai gyara takalmi. Ya ɗanɗana. Ya ce, "Kawunka ya fi ka. Zuba mini."

Daga nan aka yi shekarun da in na tuna sai in ga kamar wani ne ya ba ni labari. Benci cike da hantsi, rediyo a rataye, manoma da direbobi da masu dawowa daga Libiya suna gyara mulkin duniya, hayaƙi yana hawa cikin ganyen tsamiya. An ƙulla aure a kan bencin nan, an sasanta rikicin iyakar gona, an tsige ministoci da yawa ba tare da sun sani ba.

Bara waccan takarda ta zo daga meri, wato ofishin magajin gari. Ta ce an hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, kuma kar a bar teburin taba kusa da lakwal, makarantar boko ke nan. Ba ta faɗi iyakar kusa ba. Maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Masu son a tashe ni su uku ne a gaba: Mushe Isuhu (Mushe muke ce wa malamin boko), daraktan lakwal, dogon mutum ɗan birni da bai daɗe da sayen fili a garinmu ba, Madam Zainabu, majon likitarmu, wato shugabar ɗan asibitin garin, da Alhaji Bukar, wanda ya fi kowa sayar wa ƴan birni filaye, kuma ya bar sigari bayan ya dawo daga Makka, ya zama ba ya ƙaunar ganin wani yana jin daɗin abin da ya bari.

Wani tsoho ya fara da cewa, "Iska dai ta Allah ce."

Madam ta ce, "Huhun ma nasa ne, Baba. Aro ya ba ka."

Aka yi dariya. Mushe ya karanta takardar da Faransanci, ya fassara, ya ƙara abin da ba ya ciki. Ya ce ɗalibansa ta gaban teburina suke wucewa safe da rana, suna ganin manya suna busa hayaƙi kamar wani abin alfahari. Da aka ba ni dama na miƙe na yi jawabin da na kwana biyu ina shiryawa. Na ce garin nan yana da dokar hana shan taba tun kafin a haifi wanda ya buga wannan takarda: ba a sha gaban uba, ba a sha gaban suruki, ba a sha gaban malami, ba a sha a ƙofar masallaci, ba a sha da rana wata guda cur a shekara, kuma ba jandarma ko ɗaya da ke tsaron wannan doka sai kunya. Na ce ban taɓa sayar wa ɗan lakwal ba, duk wanda ya ce babansa ne ya aiko shi, na san baban. Jama'a suka ce, "Gaskiya ne!"

Madam ta bari na zauna, sannan ta ce, "Baba Lawali, kunya tana tsare suruki. Wa take tsare wa mai ƙosai da goyonta? Hayaƙi ba ya tambayar wanda ya saya." Wannan tambayar ba ta cikin abin da na shirya.

Aka tsaya a kan haka: ba shan taba a kasuwa, ba a likita, ba a cikin mota, ba a cikin taku ɗari biyu daga ƙofar lakwal. In tsamiya ta faɗa ciki, in tashi. In tana waje, in zauna, masu sha su sha a nan. Mushe ya yarda nan take, don ashe ya riga ya taka da kansa ya sami ɗari da saba'in. Na ga ya yi murmushi, na san an gama da ni. Sai Maigari ya rufe taro da abin da kowane ɗan garin ya ɗauka ba ya bukatar faɗi: "Malam Habu zai taka, ranar Asabar."

A garinmu ba a auna ƙasa da igiya ko da ƙarfe. Ƙafar Malam Habu ake aunawa da ita. Shi ke raba gonakin gado, shi ke fitar da iyaka, shi ke auna filin da za a sayar, tun ina koyon daka. In an ce taku talatin, takunsa ake nufi, kuma ba a taɓa ƙara da shi ba. A zukatanmu har yanzu shi ne dogon nan mai tafiya kamar raƙumi. Tare muka tsufa da shi, shi ya sa ba wanda ya lura.

Ranar Asabar da hantsi gari ya fito. Malam Habu ya iso da sanda, da gwiwar da ta shekara biyar tana ciwo. Ya tsaya a ƙofar lakwal, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafa ya ajiye ta kusa da ƴar'uwarta. Jama'a suka ce, "Ɗaya." Ya sake. "Biyu." A taku na hamsin bai wuce dangar lakwal ba. Mushe ya fara duba agogo. A na ɗari ya tsaya ya huta, aka kawo masa ruwa. Ni ina biye a baya, ina kallon tsamiya tana ƙin matsowa. A na ɗari biyu ya kafa sandarsa a ƙasa daidai injin niƙa, ya ce, "Nan ne." Tsakanin sandar da teburina, jifa ce mai kyau.

Mushe ya ce, "Haba jama'a! Wannan ba taku ba ne, jan ƙafa ne. A kawo ma'aunin mita, yana ofishina."

Alhaji Bukar ya ce, "Ƙwarai, a kawo. Malam ya tsufa, ƙafarsa ta gajarce."

Malam Habu ya juyo a hankali, ya jingina da sandarsa.

"Alhaji, yaushe ta gajarce?"

"To, ai kowa ya gani, Malam."

"Da ita na auna filayen da ka sayar wa mutanen birni bara da bara waccan. Taku talatin talatin, kana tsaye. Ban ji ka ce ta gajarce ba. In za a kawo ƙarfen Mushe a sake nan, sai a wuce da shi can a sake. Ni ba ni da gona a ciki."

Rabin dattawan da ke wurin sun sayar da fili da wannan ƙafar. Alhaji ya shiga gyara hularsa. Mushe, wanda gidansa ke kan ɗaya daga cikin filayen, ya dubi Alhaji, ya dubi ƙafar Malam Habu, na ga yana wani lissafi a ka da bai shafi taba ba.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce, "Takun Malam Habu shi ne taku. Allah ya ba mu alheri." Aka shafa fatiha da gaggawar da ban saba gani ba.

Haka na tsira da inuwata. Fiye da haka ma, don tunda an hana ko'ina, gindin tsamiya ya zama wuri ɗaya tak a tsakiyar gari da mutum zai kunna kara ba a yi masa magana ba. Mahautan kasuwa suka riƙa zuwa, da direbobi, da magina, da ma'aikatan da ke jiran mota, har da wani malamin lakwal da ke zagayowa ta bayan injin niƙa. Tun daga safe har magariba ba a rasa mutum goma a kaina suna busawa. Mai ƙosai ta kwashe kaskonta ta koma tsallaken hanya. Tun da na gaji teburin ban taɓa ganin kasuwa irin ta waɗannan watanni ba, kuma na gaya wa duk mai son ji cewa gaskiya ce ta yi halinta.

A wata na takwas tari ya kama ni, irin wanda ba ya jin citta ko zuma. Madam Zainabu ta sa abin sauraronta a bayana, ta ce in ja numfashi, ta rubuta takarda ta tura ni birni a ɗauki hoton ƙirjina. Likitan can ya ɗaga hoton a haske ya tambaye ni kwali nawa nake sha a rana. Na ce ban taɓa sha ba. Ya dube ni irin kallon da nake yi wa mai cewa babansa ne ya aiko shi. Da na koma wa Madam da sakamakon, ba ta tuna mini da komai ba. Ta ce kawai, "Baba, ko ka bar inuwar, ko hayaƙin ya bar ta."

Ban bar inuwar ba. Ina nan da battata, da goro, da dabino, kuna gani. Meri ta yi alkawarin aiko da allunan hana shan taba tun lokacin takardar, har yau ba su iso ba. Guda ɗaya ne a duk Tudun Ari. Yana jikin tsamiyar tasha, ni na kafa shi.